Ƙwaya Ɗaya, Bayan Asuba

Shekara uku barci na sace ni da rana tsaka,
ƙafa kan keke, allura na gudu,
in farka na haɗe hannun riga da wuya.
'Yan layinmu a Sabon Gari suka raɗa mini Sarkin Gyangyaɗi.
Na ci goro har haƙora suka rine.

A Shika aka kwanar da ni, wayoyi a ka.
Likita ta ce, "Ɗanlami, ciwo ne, ba lalaci ba."

Ƙwaya ɗaya, bayan asuba.
Ban da yamma, kar dare ya ƙi ni.
In na manta ta wuce, ba azumi ba ce da za a rama.
Ciwon kai, bugun ƙirji, ina rubutawa
a littafin awo, ƙarƙashin kafaɗar wani Alhaji,
in kai mata ran Talata.
Babur na jingine sai ta ce hau.

Jiya Sallau ya matso,
"Ɗinkin Salla ya taru, sam mini guda."
Na ce rigar da aka yanka da awona
ba ta zama a jikinka.
Ya ɓata rai. Na miƙa masa shayi.

Bayan azahar nakan ɗan kishingiɗa,
ni na kira barcin yanzu,
in tashi in zura zare
a karon farko.