Harafin da Ke Barin Gari

A Blackburn, ranar Talata, ana yayyafi,
na ajiye rikoda kusa da butar shayi,
na roƙi Doreen Entwistle labarin masaƙa.
Allah ya yafe mini, ba labarin nake so ba.
Harafi ɗaya na zo farauta:
ra ɗin nan na ƙarshen kalma
da yawancin Ingila suka haɗiye tuntuni,
ita kuwa tana murza shi kamar zare a mazari.

Shekara tamanin da huɗu.
Ƙarar inji ta ci mata kunnen hagu,
don haka sai ta kalli leɓena kafin ta amsa.
Ni ma nata nake kallo.

Jikanta ya leƙo neman makullin mota,
ya ambaci motar, ra ɗin bai biyo shi ba.
Na rubuta a gefen takarda:
ɗan sha tara, babu ko ɗaya cikin goma.

Da dare a Lancaster, hawa na uku,
kwamfuta ta mayar da muryarta zane,
baƙi-baƙi kamar sawun kaji a jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Ina awo, ina yanka numfashin tsohuwa gunduwa-gunduwa.
Malamata ta ce, kada ka yi zaman makoki,
ƙirga kawai.
Na ƙirga har ɗari uku da sha biyu,
sai ga Ige, kakata ta Gwadabawa, a tsakanin layukan.

Zamna, take cewa. Biyat. Ka tahi lahiya.
Zango ɗaya na yi a makarantar kwana a Kano,
dariyar ɗakin kwana ta goge mini baki tas.
Na dawo hutu ina zauna, ina biyar,
ta dube ni ta ce, wa ya musanya min yaro?
Ba wanda ya ajiye rikoda a gabanmu ranar.

Sati na zagayowa na koma Blackburn.
Doreen ta tura mini biskit, ta juyo kunnen dama:
abin nan da muka saƙa shekara talatin,
me kuke ce masa a garinku?

Kalma biyu suka tsaya mini a ƙofar baki,
auduga a gaba, da takardar shaidarta.
Na ce, abduga.

Ta maimaita, ta ciji ba ɗin da kyau.
Jar fitilar rikoda tana nan a kunne.