Numfashin Mota a Marikina

Asabar ce, rana ta ƙwalle a Marikina.
Baba ya ɗaga bonet, ya tokare shi da sandar tsintsiya.
'Yar Kia ɗinmu ta girme ni da shekara uku,
in ta doshi hawan Antipolo
sai tari, sai kakari, sai nishi.

"Ligaya, kawo tocila." Na kawo.
Ya nuna min baƙin akwati a gefen inji,
robarsa ta tsage, an ɗaure da waya tun ina goye.
"Ta nan take shan iska," in ji shi,
"iskar da ta gama dahuwa kamar a kan garwashi.

Wanda aka toshe wa hanci
ba a tambayarsa gudu."
Ya yi shiru. Ya dafa ƙofa. Na kau da kai.
Shekara ashirin da shida yana shafa gam a masana'antar takalma;
takalman sun tafi Manila, sun tafi inda bai taɓa takawa ba,
gam ɗin ya zauna masa a ƙirji kamar tsohon bashi.

Da igiyar takalmi muka yi awo, don tef ya ɓace.
Bututu mai inci uku, ragowar gyaran banɗaki,
gwiwa biyu, guntun tiyo,
zobban ƙarfe huɗu masu noti,
da jar matatar iska mai siffar mazurari
da ya saya kwance a Banawe,
ya wanke ta sau uku kafin ta daina zubar da yashi.

Zarto ya ci bututu, farin gari ya rufe silifas ɗina.
Yankan farko ya karkace.
Na biyu ya gaza da faɗin yatsa.
Baba bai zagi kowa ba, leɓe ya ciza,
ya bi bakin na uku da sanfefa har ya yi laushi.

Sai ga Efren ɗan maƙwabta, da lemo a leda:
"Mang Crisanto, kai bakin ƙasa, bayan bamba!
Can iska ta fi sanyi, can ƙarfin yake."
Baba bai tanka ba. Bangon gareji ya duba,
inda zanen laka ya tsaya daidai kafaɗata
tun shekarar da kogi ya shigo falo ba sallama,
ya kwana biyu, ya bar mana danshi.

"Injin da ya kurɓi ruwa, yaro,
ba ya sake tashi."

Sama muka kai bakin, bayan fitilar hagu.
Farantin gasa burodin Mama muka yanka,
ba ta sani ba har yau,
muka yi masa katanga tsakaninsa da zafi.
Efren ya ce an yi asarar bututu. Ya tafi da haushi.

Rana ta faɗi, sauro ya fito aiki.
Na riƙe tocila da haƙori,
hannuna ya fi nasa shiga lungu,
ni na ɗaure zobe na ƙarshe.
Ya murɗa makulli. Ta yi gyatsa, ta mutu.
Ashe mun bar wata 'yar waya tana lilo.
Na soka ta. Ya sake murɗawa.
Ta kama! Ya taka totur,
sai muka ji wata doguwar zuƙa daga cikin bututun,
kamar wanda ya daɗe a ƙasan ruwa
ya huda sama, ya ja numfashi.

Ko ta ƙara gudu, ban sani ba.
Efren ya ce kunne ne kawai ke ruɗinmu.
Lahadi dai mun hau Antipolo a giya ta uku.
Baba ya sauke gilashi,
abin shaƙarsa na kwance a cinyata,
shi yana sauraron mota,
ni kuwa kunnena yana kan shi.