Mudu Biyu

Ƙarfe huɗu na yamma Sheffield ta riga ta yi duhu.
Ruwa na tsiyaya a tagar hawa na uku,
bai tsananta ba, bai ɗauke ba.
A gabana ƙwaƙwalwa arba'in da biyu,
an yanka su faifai-faifai a allon kwamfuta
ba a zub da jinin kowa ba.

Tambayar ƙarama ce, ko haka na zata:
in barcin mutum ya ragu,
ɗan lungun nan da ke ajiye masa jiya
yana motsewa tare da shi?

Na ja madaidaicin layi ta tsakiyar ɗigo-ɗigon,
ya miƙe, ya hau tudu kamar ɗan gari.
Na yi hamdala, na tashi haɗa shayi.
Da na dawo, ido ya huce,
sai ga ɗigo ɗaya can kusurwa, shi kaɗai,
yana jan layin duka
kamar akuyar da ta fi ƙarfin yaro.

Na san shi. Lamba ashirin da bakwai.
Desmond Pryce, tsohon direban bas,
shekara talatin yana hawa da gangara a tuddan garin nan.
Ran da ya kwanta a cikin na'urar tari ya sarƙe shi,
sau uku yana ba mu haƙuri ta lasifika,
ya fito yana tambaya
ko mun ga abin da matarsa ta ce ba shi da shi.

In na ja layin da shi, ina da labari.
In na jera mutanen bi da bi,
na fari, na biyu, na uku, ban kula da tazara ba,
layin sai ya yi laƙwas.
In na sa shekaru cikin lissafi, ya watse:
tsufa ke cin barci, tsufa ke cin ƙwaƙwalwa,
su biyun hanya ce ta haɗa su,
ko sunan juna ba su sani ba.
In kuwa na bi lungu dubu sittin ɗaya bayan ɗaya
ina tambayar kowanne,
dole wani ya amsa.
Faɗuwa ce za ta zo daidai da zama.

Dakta Hargreaves ta leƙo, rigar ruwa a kafaɗa.
Juma'a ake rufe neman kuɗin bincike.
Ba ta ce in yi ƙarya ba, ba halinta ba ne.
Cewa ta yi: wanne ya fi magana?

Babana ma'auni ne a kasuwar Funtuwa.
Maƙwabcin rumfarsa mudu biyu gare shi,
mai zurfi na saye, mai bugaggen gindi na sayarwa,
kowanne ka ɗauka mudu ne, ba mai musu.
Baba ya ce laifin ba a ƙwaryar yake ba,
yana hannun da ke jira ya ga wa ya zo
kafin ya shiga ƙarƙashin buhu.

Na jawo littafina na watan Maris,
tun ba a ɗauki hoton kan kowa ba.
Ga rubutuna, da tabon kofi a gefe:
a jera su bi da bi, a sa shekaru, lungu ɗaya tak.
Waccan matar ba ta san Desmond zai yi tari ba,
ba ta san Juma'a ba.
Ita na bari ta auna.

Abin da ya fito bai cika tafin hannu ba.
Na rubuta shi yadda yake,
da iyakarsa ta sama da ta ƙasa,
sifili na zaune a tsakani ya miƙe ƙafa.

A bas na zauna bayan direba,
yaro ne, yana hamma a kowace danja.
Na kusa tambayarsa awa nawa ya yi barci.
Na yi shiru. Mutum ɗaya ne.