Da Hagu

Ranar da damata ta mutu ta bar ni da rai
ina tsakar alwala ne, buta ta suɓuce.
Na ce wa hannu ɗauko,
ya yi kamar ba da shi ake ba.

A sashen gashi na asibiti, Sista Kyauta
ta miƙo min littafi mai layi, irin na 'yan firamare,
da biron da ta naɗe da bandeji don ya riƙu.
Ta ce, "Baba Tanimu, layi biyar kullum, da hagu.
Ko me ka ga dama."

Hagu!
Hannun da aka buge min a bakin akushi ina yaro,
yau shi ne babban ɗa a gidan.

Makon farko sunana kawai,
haruffa kamar sawun kaza a sabon daɓe.
Na biyu, kuɗin magani, kuɗin mota daga Tudun Wada,
bashin mai shago.
A na uku na rubuta Kakuri,
sai biro ya tsaya, ni ma na tsaya.

Shekara sha tara gaban injin saƙa.
Jiniyar asuba, auduga a gashin ido,
ƙarar da ta koya mana karanta leɓen juna.
Rana ɗaya muka tarar da sarƙa a ƙofa.
Na dawo gida na ce wa Barmani hutu aka ba mu,
na yi wata guda ina fita da sassafe
in zauna bakin dogo ina ƙirga taragai.
Ta rasu ban gaya mata ba.
Takarda na fara gaya wa.

Sai kuma Dogara ya faɗo cikin layi ba sallama,
abokin injina, mai raba ƙosai biyar gida biyu
ya ce shi bai iya lissafi ba, in ɗauki uku.
Shekarar da kogi ya tashi daga ruwa ya koma katanga
na hango shi kan gada, katifa a ka,
yaransa na riƙe da gefen rigarsa.
Ya gan ni.
Na kalli ruwa.

Dama ce ta san hanyar ɓoyo,
ta sa hannu a takardu, ta gaisa, ta ce lafiya lau.
Hagu ba ta yi makarantar kunya ba,
abin da ta tarar shi take kwasowa.

An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.
Haka ne.
Amma rumbun da ba a buɗewa
gara ce magajiyarsa.

Ban ce na warke ba.
Har yanzu jikata Hajjo ke ɓalla min maɓalli,
damar tana nan kwance a cinya kamar baƙuwa.
Sai dai barci ya dawo,
dutsen da ke zaune min a ƙirji bayan isha'i
ya rage zuwa tsakuwa.
Jiya na yi dariya ni kaɗai
da na tuna ƙosan.

Littafi na huɗu nake ciki.
Akwai shafin da na yage na ninke,
yana aljihun gaba tun kafin azumi.
Hajjo ta ce a Sabon Tasha ba a ɓata,
in na yarda za ta nemo gidan.

Ban amsa mata ba tukuna.
Na dai ce ta sayo min sabon biro,
wannan ya fara shaƙewa,
kuma da sauran layin yau biyu.