Bido Bakwai

Ni ne Kalla mai ga-ruwa.
Shekara goma sha ɗaya ina tura kura
daga pampon Garin Malam har lungunan Birni.
Na san gidan da ke biya nan take,
na san gidan "sai gobe".
Abin da ban sani ba yana bayana,
ƙarƙashin haƙarƙari, dama da hagu.

Daren Talata ya yi mini sallama.
Wani abu ya cije ni a kwiɓi,
ya gangaro mara kamar ana jan ƙaya.
Na durƙusa a makewayi ina nishi,
ɗigo uku suka fito, launin zoɓo.
Laminu ya ɗora ni a kabu-kabu,
kowane ramin hanya sai da ya gaishe ni.

A babban asibiti, likita Tsahara
ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki,
ta zuba wa allo ido.
Sai ta juya takardar magani
ta zana wake biyu a bayanta.

"Ƙoda ke nan. Kowace kamar dunƙulen hannunka.
Jininka duka ta nan yake bi,
ya je ya dawo, ba dare ba rana.
Cikin kowace akwai matata wajen miliyan,
ƙanana, ido ba ya kama su.
Bidonka lita nawa?"
Na ce ashirin da biyar.
Ta ce, "To, bakwai suke tacewa kullum."

Dariya ta kama ni, ciwo ya tsinke ta.
Bido bakwai, a jikin da ko kwanon sha ba ya cikawa?

"Ba zubarwa suke ba," in ji ta.
"Su tace, su mayar wa jini abinsa,
ruwansa, gishirinsa daidai buƙata.
Dauɗar kaɗai ake kora,
da ɗan ruwan da zai yi mata rakiya."
Na ce a raina: ashe ƙoda 'yar Damagaram ce,
ta san ruwan wankin gero ba ya zuba a ƙasa
akuya na tsaye.

Ta ja layi biyu sirara zuwa ƙasa.
"Tiyo biyu, taƙi guda da ɗan ɗori,
su ke kai wa mafitsara.
Ita kuwa salka ce, ta kumbura ta jira,
da ƙulli a bakinta
wanda ba ya kwancewa sai ka yarda.
Daga nan hanya ɗaya ce zuwa waje."
Ta ɗiga alƙalami tsakiyar tiyon hagu.
"Ga baƙuwarka. Tsakuwa.
Ba ta fi ƙwayar dawa ba."

Garinmu garin duwatsu ne.
Manya sun hau juna sun zauna tun kafin kakanni,
na bi ta gindinsu da kura sau dubu,
ko ɗaya bai taɓa ba ni tsoro ba.
Wannan 'yar mitsitsiyar ce ta kai ni ƙasa.

"Moɗa nawa kake sha a wuni?"
Na yi shiru.
Shayi uku a fada bayan isha'i. Goro.
Ruwa kuwa, duk wanda na kai baki
sai in ji dala na faɗuwa daga aljihuna,
rana kuma ta karɓi nata ta goshi.
"Kwata in ba ruwa, me ke taruwa ciki?"
Ba ta jira amsa ba.

Kwana tara ina sha kamar raƙumin da ya fito Tenere.
Ran na goma, da asuba,
ƙwal! cikin gwangwanin tumatir.
Na wanke ta, na sa a kwalin ashana.
Yarana suna nuna wa abokansu.

Yanzu a hannun kura akwai gora ɗaure da tsumma,
ba na sayarwa ba ne, kada ka tambaya.
Da safe nakan duba kafin in kora:
in ya yi launin shayi, na san ana bina bashi.
Masu ɗiba biyu gare ni a baya,
tun ina ciki suke aiki,
ba su taɓa ce mini "sai gobe" ba.