Hannun Saveta

A ƙauyen Botiza, can ƙasar Romaniya,
inda duwatsu ke yafa farin mayafi wata biyar,
akwai wani kili, Suru ake ce masa,
aikinsa jan gungume daga daji zuwa bakin hanya.
Shekara goma sha ɗaya yana ja.
Ran nan sai ya tsaya.

Bai faɗi ba, bai kai harbi ba,
tsayawa kawai ya yi, ƙafar hagu a sake,
kamar mai sauraren kira daga nesa.
Gavrila ya yi tsawa, ya yi lallashi,
ya ɗaga kofato, ba ƙusa, ba tsakuwa.
Da yamma ya aika a kira Saveta.

Ta zo cikin tsohon kwat ɗin mijinta,
ba jaka, ba kwalba, ba allura.
Ta daɗe tana hura wa tafinta iska,
wai hannu mai sanyi rashin ladabi ne a jikin doki.
Ta tsaya gefensa, ba ta taɓa shi ba,
sai da shi ya juyo ya shinshini hularta.

Daga ƙeya ta fara, ƙarƙashin geza,
yatsu huɗu suna tafiyar hawainiya,
suna tambaya, tsoka tana amsawa.
Nan lafiya. Nan ma. Nan gajiya ce kawai.
Ta gangaro inda karkiya ta cinye gashi,
sai fatar ta girgiza kamar ƙuda ya sauka.
Ga shi nan: ƙulli, ya kai ƙwan zabo,
a kwance gaban kafaɗa, ya yi gida.

Ba ta yi kokawa da shi ba.
Ta ɗora gindin tafi, ta jingina nauyinta,
ta jira.
Fitilar barga tana ta lilo,
ƙanƙara na zamewa daga rufi, tim, tim,
ita dai tana jira,
tana murzawa kaɗan, kamar mai farkar da jariri.

Kunne ɗaya ya kwanta gefe.
Leɓen ƙasa ya saki, ya yi reto.
Ido ya lumshe, baki ya shiga tauna babu komai,
sai hamma, doguwa, har da hawaye,
sai wani numfashi da ya cika bargar da tururi,
kamar tun bara yake riƙe da shi.

Ba ta waiwayo ba ta ce,
“Wa ke kama masa linzami?”
“Ni mana.”
“Ɗaga hannunka na hagu.”
Gavrila ya ɗaga. Ya tsaya a daidai kunne.
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Sanyi uku ke nan da reshe ya faɗo masa,
ko matarsa bai faɗa wa ba.

“In kuna gangara, a kan igiyar hagu kake rataya.
Shi kuwa sai ya karkata wuya ya tallafe ka.
Gungume ɗaya ka ɗaura masa,
biyu yake ja.”

Shiru ya yi tsawo.
Suru ya sa baki cikin ciyawa yana tsinta.
Gavrila ya cire hula, ya murɗa ta, ya mayar,
ya tambayi kwana nawa.
Ta ce tara, kuma ba na dokin kaɗai ba.

Kuɗi ta ƙi. Ta karɓi curin cuku
da alkawarin itacen hura wuta kafin Lahadi.
Har ta kai ƙofa, ta dawo,
ta kife bokiti da ƙafa, ta nuna masa.
Ya zauna yana gunaguni.
Ta sake hura wa tafinta iska.

Da babban yatsa ya sami wurin,
ƙaton mutum ya saki ƙara irin ta yaro.
Suru ya ɗago, ciyawa a baki,
ya juyo kunnuwa biyu yana kallo,
sannan ya koma cin abinsa.