Mai Gadi a Ƙarƙashin Fata

Telmo na da shekara tara
da tabo ɗaya a hagu, ƙasan ƙashin wuya,
inda aka dasa masa ɗan ƙarfe
da bai wuce kwalin ashana ba.
In zuciya ta ruɗe, ta ɓata kiɗanta,
shi zai ɗana mata wuta ta dawo hayyacinta.
Telmo ya raɗa masa suna Mai Gadi.

Shekara biyu ina riƙon yaron nan kamar ƙwai a cokali.
Ina sayar da kifi a kasuwar Matosinhos,
shi yana zaune kan kwandon da na kife,
yana ƙirga tsuntsayen teku,
kunnensa na can wajen 'yan ƙwallo a bakin ruwa.
Ya daina roƙo. Ya daina ma tambaya.
Shirun nan ya fi ciwon cin raina.

Ran Talata likita Valadares ta tuɓe tabarau, ta dube ni:
"Ba don ya zauna muka sa masa ba.
Ya yi gudu, ya hau keke,
ya yi iyo in da babba a kusa.
Tsaron raga ne ban yarda ba,
kada ƙwallo ta daki ƙirjin.
In ya ji jiri, ya tsaya, ya faɗa."
Na ce to.
Bakina ne ya ce to.

Asabar, iska mai gishiri.
Ya sa riga mai ɗan matashi a ƙirji,
ya ƙulle igiyar takalmi har sau biyu,
bai waiwayo ba.
Ya ruga.
Tawa zuciyar ce ta ɓata kiɗa,
ni kuwa ba wanda ya dasa mini komai.

Can sai ya faɗi.
Na yar da jaka, lemo ya watse,
kafin in kai ya miƙe,
rairayi a baki, yana ƙyalƙyala dariya:
"Tuntuɓe ne, Mama! Mai Gadi barci yake!"

Da dare ɗan akwatin gefen gado
yana ƙifta koren ido,
yana kai wa asibiti labarin yini.
Ban san me zai gaya musu ba.

Takalmansa na bakin ƙofa, cike da rairayi.
Na ɗauka zan kakkaɓe,
sai na mayar.